Ranar da mai injin niƙa ta ɗaure mani noti

Na yi shekaru ina yawon yi wa dabbobi allura a ƙasar Mayahi, kuma yawancin ranakun aikin sun gauraye a kaina. Amma akwai wata Litinin guda da ko tsufa ya ci ƙarfina ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina zaune Tchaké, aikina duk a kan moto yake. Ni kuwa tun ina ƙarami ina da ɗabi'ar buɗe abu in ga cikinshi. Rediyon mahaifina ma sai da na farke ta, na sha duka. To, motona ta fara wani hali: in na murɗa mai, inji ya yi ta kuka amma gudu babu. Wani bakanike a kasuwar Mayahi ya ce faifan ambreyaj ne suka cinye, wato abin da ke haɗa ƙarfin inji da taya. Ya ce in bar mashi ita. Na ce a'a, ya dai saida mani faifan. Ba rowa ta hana ni ba, so nake in ga yadda ɗan hannun da nake matsawa da yatsu huɗu yake raba inji da taya.

Ranar Lahadi da hantsi na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na tsiyaye baƙin mai a kwano, na cire murfin gefen inji. Na daɗe ina kallo kawai. Faifai ne jere, wani bisa wani, da wayoyin ƙarfe masu dannawa, sai babban noti ɗaya a tsakiya da ya riƙe su duka. Na sauya faifan lafiya lau. Wajen maida notin ne na gamu da abin mamaki: ina juya lakile, ƙarfen ɗaure noti, kan ambreyaj ɗin gaba ɗaya yana bin hannuna yana juyawa. Na dafe shi da hagu, na ɗaure da dama har tafina ya yi ja, na ce ya isa.

Da na rufe murfi na kakkaɓe buhu, sai wani ɗan zoben ƙarfe ya faɗo, siriri, mai kunne ɗaya a gefe. Maiɗakina tana tankaɗe, ta dube shi ta dube ni.

"Wannan fa, Malam?"

"Ƙari ne," na ce mata. "Masu ƙera abin nan suna sa tarkacen da ba su da aiki."

Na maida mai a inji. Na tada moto, ta tashi sumul, na jefa zoben a aljihun rigar aiki.

Washegari da sassafe na ɗaure akwatin sanyi a baya, cike da maganin rigakafi da ƙanƙara. Makiyaya sun tara shanu a wata rijiya arewa da Issawane, sun jinkirta tashinsu kwana biyu saboda ni. Maganin nan in ya ji zafi ya mutu, kuma bazara ce.

Na yi fiye da rabin hanya cikin rairayi sai na fara jin ƙara a gefen dama, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Hannun ambreyaj ya saki, ya zama lakakai. Na nemi sauya bitesi, wato giya, ta ƙi, moto ta yi tsalle biyu ta mutu. Na buɗe akwatin na taɓa ƙanƙara, ta fara zama ruwa. Abin da ya fi damuna a lokacin, in faɗi gaskiya, tambaya ce: ta yaya notin da na ɗaure da duk ƙarfina zai kwance kanshi?

Na tura moto zuwa wani ƙauye da na hango. Na tambayi bakanike, aka ce babu, sai dai in je wurin mai injin niƙa. Na zaci namiji zan tarar. Wata dattijuwa ce, gari ya yi mata fari har gira. Daga baya na ji tun rasuwar mijinta ita ke tada injin, ita ke gyaranshi.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa, likita. Mi ya samu abin hawan?"

Na ba ta labari. Ta kashe inji, ta sa mata masu jiran niƙa suka ɗauke akwatin zuwa gindin randa, aka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Sannan ta ce in kwantar da moto a kan hagunta don kada mai ya zube. Wannan ma ban sani ba, jiya sai da na tsiyaye shi duka. Da na cire murfi, ta sa yatsu biyu ta juya notin, ya biyo ta kamar marfin kwalba.

"Ina mai kunnen?" ta tambaya.

Na laluba aljihu na miƙa mata zoben. Matan da ke wurin suka yi dariya, ita ko ba ta yi ba.

"Inna, don Allah mi yake yi? Ƙarfen ko nauyi bai da shi."

"Inji rawa yake yi, ɗana, tun tashinshi har mutuwarshi. Kowace rawa tana sassauta noti kaɗan. Ƙarfinka na jiya ba ya nan yau. Wannan shi ke zama ya tsare."

Ta zura zoben, ta maida notin. Ta yago tsumma ta ninke shi, ta cusa tsakanin haƙoran ƙarfe biyu da ke cizon juna. Da na juya lakile, haƙoran suka cije tsumman, kan ambreyaj ya tsaya cak. A karon farko na ji notin yana shiga da gaske. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ta ce ya isa, kada in lalata bakin notin. Ta ɗauko ƙusa da guduma, ta lanƙwasa kunnen zoben ya kwanta a jikin notin. Bugu uku, shi ke nan.

Na so in zauna in yi ta tambayarta, don na ga irin zoben a jikin injinta har wuri biyu. Ta nuna mani rana ta ce shanu na jira.

Na isa rijiyar bayan azahar da sauran ƙanƙara kamar ƙwan kaza biyu. Maganin bai lalace ba. Shugaban makiyayan ya ce da na ƙara awa ɗaya da sun kora, don ruwan rijiyar ya ja baya. Muka yi ta allura har la'asar sakaliya.

Ban daina buɗe inji ba, har yau ina buɗewa. Abin da ya sauya shi ne, in na ga abin da ban gane amfaninshi ba, ba na cewa bai da amfani, sai in ce ni ne ban sani ba tukuna, in tashi in nemi wanda ya sani. Kuma na daina tsammanin cewa wanda ya sani dole ya yi kama da wanda na zata.