Yadda Inna ta yarda na ɗauki hotonta

'Yan uwa, yau Innata ta zama kyanwa a gaban matan ƙungiya!

Kun san shafin intanet ɗin da nake haɗa wa masu man gyaɗa na garinmu. Komai ya kammala sai hoton shugaba, wato Inna. Sati uku ina roƙo, tana cewa fuskarta ba ta talla ba ce. 'Yan kasuwar Dawanau masu sayen man kuwa ba sa yarda da shafin da ba fuskar mai kaya.

Sai na sa shafin ya riƙa ɗauko hoton wucin gadi daga wata kwamfuta can ƙasar waje, duk buɗewa da sabon hoto. Na manta ban cire ba.

Da hantsi matan suka taru a gindin darbejiya, na buɗe waya. A saman sunan Inna sai ga ƙatuwar kyanwa, idanunta kamar zuma.

Goggo Ladi ta ce, "Shugaba, kin yi ƙiba."

Na sake buɗewa. Sai ga tsohon Bature mai gemu riƙe da kifi.

Goggo ta ce, "Ashe har kamun kifi kike zuwa?" Dariya har da riƙe ciki.

Inna ta tashi ta shige gida. Na ce shi ke nan, shafi ya mutu. Can sai ga ta cikin atamfar biki, ta kafa ɗauri.

Ta ce, "Ɗauke ni, 'yar nan, kafin in koma jaki."