Malam Gide da San Huɗarsa a Neman Gidan Haya

Har yau a Ƙanƙara ba a manta ranar da san Malam Gide ya maƙale a ƙofar zauren Alhaji Abdulganiyu ba. Ƙahonni a ciki, gindi a waje, sai da aka ɓalle ƙyauren kafin ya fita.

Malam Gide manomi ne daga wani ƙauye a gefen Sabuwa. Ɓarayin daji sun kore masa shanu, wannan ɗaya ya tsira, ya taso da shi da iyalinsa zuwa gari. Matarsa Hajaratu da yara suna raɓe a rumfar wani ɗan'uwa, ga hadari ya fara haɗuwa. Ɗaki yake nema, amma shi a saninsa dabba tana kwana ne inda mai ita zai ji numfashinta. Saboda haka duk gidan da dillali Salim ya kai shi, da san yake zuwa, a gwada ƙofa.

"Gidan mutane na gina ko turke?" in ji Alhaji ranar da aka ɓalle ƙyauren, yana huci. "Ku mutanen daji, wa ma ya san wanda kuke kai wa labari? Fice mini!"

Haka Malam Gide ya yi ta sha. Wannan ya ce yaran sun yi yawa, wancan ya leƙo ta taga ya ce an kama, alhali ɗakin yana buɗe. Salim kansa ya gaji.

"Baba, ka kai shi kara ka sayar ka huta. Kai ake ƙi, balle da jela a bayanka."

Hajaratu ma ta ce masa ya zaɓa, ko rufin ɗaki ko ƙaho.

A bakin gari suka dace da Goggo Hamida, tsohuwa mai faɗan tsiya, mai ɗaki biyu da kangon fili. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ban ga amfaninka ba. Shi dai san, zan samu taki. Ku shigo, kada in ji kukan yaro."

Sun tare kafin ruwan farko. Yanzu in mu maƙwabta muka zauna muna tsokanar Malam Gide, mu ce ashe albarkacin sa yake kwana a inuwa, sai ya gyara hula.

"Ku yi ta dariya. Ranar huɗa na tafe, duk za ku zo ku yi mini sallama da ladabi."