Yadda Anka Saida Wasana da Kakana

Ni takalma nike saidawa, amma in gaskiya za a bi, baki nike saidawa, takalmin gyara ne. Ranar kasuwar Filinge ina shimfiɗa buhuna kusa da masu tabarmi, in buɗe murya har raƙuman da ke can kara, wajen dabbobi, su juyo su ga wa ke magana. Na taɓa saida ma wani takalmi duk biyun na hagu, ya dawo shina godiya wai sun gyara mai tafiya. To, nan ƙila na ƙara gishiri. Abin da za ni faɗa yanzu ko, ban ƙara mai komi ba.

Akwai wani tsoho, ƙanen kakata wadda ta haifi uwata. Daga wani ƙauye na wajen Damana yake zuwa bisa amalanken jaki. Kakana ne ke nan, kuma kowa nan ya san abin da ke tsakanin jika da kaka. Matarshi matata ce, shi ko ya tare mini wuri ne kawai. Tun ina rarrafe yake ce mini ɓarawon mata. In ya iso ba ya sallama, sanda yake zungura mini a haƙarƙari.

"Kai, mai kan ƙwarya, har yanzu ba a kama ka ba?"

"Tsoho, kana nan dai? Can an gaji da jiranka, har an ba wani wurinka."

"Sai na ga furfurarka tukuna."

"Ka mutu mana in ɗauke amaryata, ta gaji da tarinka."

Sai in fizge hularshi in ɗora a kaina. Shi kuma ya ɗauki takalmi wari guda ya jefa aljihun riga, ya ce sai an yi musaya. Rabi da Hausa, rabi da Zabarmanci. Mutane su taru suna dariya, ni ko cikin dariyar nike ciniki. In kasuwa ta lafa mu zauna mu sha fura ƙwarya guda, ya ba ni labarin gero da na wanda ya rasu. Tunda uwata ta rasu, shi kaɗai ya rage mai zagina da irin muryar gidansu.

Daura da ni akwai butik na kayan waya. Mai shi abokina ne, tare munka shiga lakwal, makarantar boko, tare anka kore mu. Ya buɗe shafi a intanet don tallar sharja da gilashin waya, amma masu kallo ba su wuce shi da matarshi ba, ita ma sai ya saya mata kredin waya. Wata ranar kasuwa ya ce bari ya ɗauke mu bidiyo, wai don tarihi. Na ce ɗauka, amma ka kamo gefen da na fi kyau. Tsoho har da gyara wuyan riga.

Abin da ya ɗora ba abin da ya ɗauka ba ne. Ya yanke sandar da anka zungure ni. Ya yanke mai kan ƙwarya, ya yanke dariyar tsoho wadda ke nuna haƙoranshi da sunka rage, ya yanke furar. Abin da ya bari, ƙato ne tsaye a kan dattijo shina ce mai ya mutu, sannan ya fizge mai hula. Ya sa wani kiɗa mai sa kuka a ƙarƙashi, sama ya rubuta a dubi tarbiyyar yaran zamani. Daga ƙarshe fuskarshi ta fito, wai a biyo shafinshi, akwai sharja mai ƙarko.

Kafin kasuwar Bonkuku ta zagayo, an tsine mini daga Yamai har garuruwan da ban san ana jin Hausa ba. Wata mata ta aiko murya tana kuka, wai ta ga alamar tashin duniya. Da farko dariya na yi, zagi ai da shi anka yaye ni. Amma na tsallaka butik.

"Aboki, mi ka yi haka?"

"Haka aikin yake," in ji shi. "In na sa duka, wa zai tsaya ya kalla? Dariya ba ta nisa, haushi ke nisa."

"Ka san kakana ne. Ka sha fura da mu."

"Na sani, ka sani. Su ba su buƙata. Kai ma ai ka yi suna."

Na ce to ya ɗora cikakken, kowa ya gani. Ya ce waya ta cika, ya goge. Shina faɗa shina miƙa ma wani sharja, bai ko dube ni ba.

Ɗiyan tsoho suna neman abinci a Kotonu. Sun san wasan, cikinshi sunka girma, amma abokan aikinsu ba su sani ba. Kowa ya tare su da waya, wai wanga ba babanku ba ne? Sunka kira gida sunka yi faɗa. A ƙauye anka nuna ma tsoho kanshi cikin waya, ɗan ƙanƙane, kai ba hula, anka karanta mai abin da baƙi sunka rubuta. Allah sarki miskini, Allah sarki ba shi da kowa. Mutumin da ke noma gonarshi da hannunshi, wanda bakinshi ya fi nawa kaifi.

Abokina bai tsaya nan ba. Ya zo mini da shawara, wai mu ɗauki na sulhu. In durƙusa, in mayar da hula, in matso hawaye. Ya ce wanga zai fi na farko tafiya, har takalmana zai nuna kyauta. Na kwashe buhuna na koma wajen masu tukwane.

Can tsoho ya same ni. Na hango shi, na gyara haƙarƙari ina jiran sanda. Sai ya tsaya ya yi sallama.

"Ina kwana, malam. Ina gajiya?"

"Tsoho," na ce, "har yanzu ba ka..."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ba fuskokin mutane yake dubawa ba, hannuwansu yake dubawa, ko akwai mai riƙe da waya. Ya sa tafi ya dafe hularshi.

"Takalmi nike so. Ka san ƙafata."

Na ba shi. Bai ce ya yi tsada ba, bai ce roba ce ta banza ba, bai ce ɓarawo ya saida mai ba. Ya yi godiya kamar yadda ake ma baƙo, ya hau amalanke.

Har yau shina zuwa, har yau shina sallama. Ni kuma ina sa a dama fura ta mutum biyu, in ajiye gefen buhu inda zai gani. Wani lokaci yakan dube ta. In ya tafi, mai tukwane ke taya ni sha.