Asuba Biyu da Aka Ba Madam

A gidanmu na Djougou kowa tsoron Baba yake ji, shi kuma Baba babu wadda ke sa shi ya rage murya sai mahaifiyarsa, wadda mu jikoki muke kira Iya. Baba mahauci ne, duk dabbar da ya kalla nama yake gani. Iya kuwa 'yar fatake ce, a bayan uwarta ta yi hanyar Gwanja wajen sayen goro, don haka tatsuniyoyinta cike suke da jakuna da zango da ƙetare kogi. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ƙasar ma Dahomey ake kiranta. Da an yi magariba sai mu kewaye murhun da take dafa man kaɗe, mu jira ta gama lazimi.

Al'adar Iya ce duk jikan da ya fara famfara ta ba shi 'yar tsako. Tawa daga ƙauyen Sérou aka kawo ta, ja ce, tana taku ɗaiɗai cikin ƙasaita, shi ya sa yayyena suka raɗa mata Madam. Na so kazar nan so na rashin hankali, kuma son nan ne ya kusa kashe ta.

Tana da kamar wata uku na ga tsararrakinta sun fi ta girma, abin ya tsaya mini a rai. Sai na riƙa satar garin rogo busasshe, in kai ta bayan rumbu in zuba mata kan ciyawa. Ta haɗiye gari da busasshiyar ciyawa, ta kora da ruwa. Kowa ya san abin da gari ke yi in ya ji ruwa, ban da ni. Wata safiya na tarar da Madam ta saki fukafukai, ido a lumshe. 'Yar jakar nan ta gindin wuya, inda kaza ke tara abinci kafin ya wuce ciki, ta kumbura ta yi tauri kamar ɗanyen lemo. Ni kuma da wayona sai na buɗe bakinta na ƙara mata tsaki, wai don ta samu ƙarfi.

Da yamma Baba ya dawo daga kasuwa, ya ɗaga ta ya latsa wuyan sau ɗaya.

"Bon, to, wannan ba ta kai gobe," in ji shi. "A miƙo mini wuƙa, kada ta mutu mushe a yi asarar nama."

Ba mugunta ba ce, haka ake yi a kowane gidan Musulmi. Amma ni na faɗi ƙasa ina birgima kamar an ce ni za a yanka.

Iya ba ta kiran sunan Baba, domin ɗan fari ne. Daga bakin murhu ta ce, "Kai mai wuƙa, ba ni asuba biyu. In ta biyun ta yi jakar ba ta sauka ba, ni da kaina zan riƙe maka ƙafafunta."

Baba ya shafa gemu ya ce, "To Inna, yadda kika ce."

Bayan magariba Iya ta ɗora Madam a cinya. Ta tsoma gashin kaza cikin man gyaɗa tana ɗiga mata a gefen baki, ɗigo ɗaya sai ta haɗiye sannan wani, don kada ta shaƙe. Sai ta sa babban yatsa tana murza jakar a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ta kamo yatsuna ta ɗora a wurin, ta ce in ci gaba. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe da kayanta."

Muka amsa, "Ta sauka mu ba ta zango."

Wai a zamanin da, kaza ba ta da jaka a wuya. Ta bi ayarin fatake, kowa da guzurinsa, ita ba hannu ba buhu. A bakin wani kogi wata tsohuwa ta ji tausayinta, ta ɗinka mata jaka a gindin wuya, ta ce, "Sharaɗi ɗaya ne, ki kwana da ita cike, ki tashi da ita wofi." A ayarin akwai wani jaki mai ɗauke da buhun dawa da ya huje, kuma yana son kazar nan kamar ransa. Taku kaɗan sai ya girgiza jiki dawa ta zuba, kaza ta tsince, dare da rana, har jaka ta ƙi sauka. Da jaki ya ga abokiyarsa tana layi, sai ya ƙara girgiza.

"Kun san jaki," in ji Iya, tana kallona ta wutsiyar ido, "zuciya fal, kai kuwa sai a hankali."

Yayyena suka fashe da dariya, ni kuwa na fashe da kuka na faɗi maganar garin rogo. Iya ba ta ko tsawata mini ba, ta ci gaba. Tsohuwar kogi ta ɗinke hujin buhun, ta ce kwana biyu ruwa kawai. Kaza ta yi roƙo, ta yi zagi, jaki ya juya baya yana rusa kuka amma bai girgiza ba. Kaza ta warke, shi kuwa kukan nan bai bar shi ba har yau.

"Nan na sauke kayana," in ji Iya, "mai so ya ɗauka."

Asuba ta farko jakar ta yi laushi kamar ƙullu, amma ba ta sauka ba. Ranar ban ji komai ba a lakwal, makarantarmu ta boko, har malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ja mini kunne. Da na dawo na tarar da Madam ƙarƙashin kwando tana leƙena tana 'yar ƙara, ga Baba can yana wasa wuƙaƙensa na kasuwa. Wallahi ban san lokacin da na damƙo dawa ba. Ina sanɗa sai na ji muryar Iya a bayana.

"Jaki, buɗe hannunka."

Na buɗe, dawa ta zube, kajin gida suka cinye a gaban Madam. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba. Muka koma ga mai da ruwa da murza.

Asuba ta biyu na riga ladan tashi. Na ɗaga kwando na ga kashi mai yawa gauraye da zaren ciyawa. Na laluba gindin wuyanta, yatsuna suka nutse, babu komai sai fata da gashi. Baba ya dawo daga masallaci ya latsa da kansa, ya sake latsawa, ya ajiye ta. Madam ta kaɗa fiffike ta yi takun nan nata ta wuce ta gabansa.

"Inna," in ji shi, "kin hana mu miya."

Na zaga tsakar gida ina guɗa irin ta manya. Madam ta fara da ɗan jiƙaƙƙen tuwo, ta yi shekaru tana ƙyanƙyasa, tsufa ne ya ɗauke ta.

Na daɗe ina zaton labarin kaza ne kawai, sai da na yi aure a Parakou, unguwar Ladjifarani. Ɗana na fari, Sani, ya kamu da amai yana rarrafe, ya ƙi cin komai. Uwar mijina ta zo da kwanon kunu, ta ce a toshe masa hanci a yi masa ɗura. Duk gidan son yaron suke yi, na sani. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, na rungume shi na ce, "Inna, ki gafarce ni, ba za a yi masa ɗura ba." Aka yi tafi da salati, aka ce 'yar Djougou ba ta da kunya. Na kai shi wajen likita, na dawo na zauna da nono da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, kwana uku.

A nan na gane cewa bayarwa ba ta da wuya, kowane mai ƙauna ya iya ta. Riƙe hannu alhali zuciya tana cewa zuba, shi ne aikin. Sani yanzu shi ma yana da furfura, kuma in ya zo gaishe ni sai ya tashi da malmala uku ta sakwara, sannan ya leƙa tukunya ya tambaye ni ko akwai saura.