Kalmar da Ta Kusa Mayar da Kuɗinmu

A ƙarshen shekarun tamanin, ina sabon kammala jami'a, gwamnati ta ba sashenmu kuɗin nazarin cutar tsargiya, bisa sharaɗin zai koma baitulmali idan shekara ta ƙare ba mu fara aiki ba. Aka tura ni unguwarmu, Ƙofar Gayan. Da na ce bincike na zo yi, magidanta suka daina amsa sallamata.

Kawuna ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya yi sata?"

Washegari na gyara magana: tushen fitsarin jinin da ke damun yaransu muke nema, amma ban yi alkawarin magani ba. Kafin Juma'a, su da kansu suke kewayawa da ni kududdufi-kududdufi. Kuɗin bai koma ba.