Katin Baba da Na Yanka da Almakashi

An kwana biyu da faruwar abin nan, shekarun baya ne can, amma har yau in alat na banki ya shigo waya sai gabana ya ɗan faɗi.

Lokacin da mahaifinmu ya kwanta jinya a gidanmu na Badariya, cikin Birnin Kebbi, ni ke riƙe da katinsa na banki, ni ke ciro kuɗin magani. Da Allah ya karɓi abinsa, aka kulle ɗakinsa kamar yadda aka saba, ko allura ba mai taɓawa sai ranar rabon gado. Ni kuwa uwar iyayi, na ɗauko katin gaban yayana da kawunmu, na nuna musu wa'adinsa ma ya ƙare a watan, na sa almakashi na raba shi biyu. Kawu har da sa mini albarka. A tunaninmu mun toshe asusun ke nan, ba wanda ya ce a je a sanar da banki.

Wata na kamawa, wayar Baba da ke hannun mahaifiyata ta yi ƙara. An cire kuɗi. Muka ce kuskure ne. Wata na gaba aka sake. Ranar yayana ya taso daga gidansa na unguwar Gesse, ko zama bai yi ba.

"Ke, mi kika yi da katin Baba?"

"Yaya, gabanka fa na yanka shi!"

"To mamaci ne ke cira? Ko kin kwahe lambobin kahin ki yanka? Wanga kuɗɗi akwai haƙƙin marayu ciki, ki ji tsoron Allah."

Innalillahi! Ni da na kwana na tashi da jinyar Baba, a gidan malamai a ce na ci dukiyar mamaci?

Na ja mayafi na ce mu tafi banki, ƙafata ƙafarsa. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce Baba ya karɓi sabon kati da kansa tun kafin ya kwanta. Yaya ya ce to ai ɗakin a kulle yake, makulli na aljihunsa. Ta ce ba sai an taɓa katin ba. In mutum ya amince wani kamfani ya riƙa cirar kuɗinsa duk wata, to da tsohon kati ya ƙare, bayanan sabon da kansu suke komawa wurin kamfanin. Na riƙe baki. Kati na ɗaki a kulle, yana biyan kuɗi shi kaɗai! Ta ƙara da cewa kamfanin sola ne, kuɗin injin jan ruwa a Argungu.

Muka kalli juna. Ba wanda ya taɓa jin zancen.

Washegari muka tafi Argungu, unguwar da aka haifi Baba. Ga tanki, ga famfo, mata sun jera bokitai. Yaya ya gaida wani dattijo da ke zaune gefe, ya tambaye shi wa ke biyan kuɗin injin.

"Wallahi ba mu san shi ba," in ji dattijon. "An dai ce muna wani bawan Allah ne. In ba a biya ba injin kulle kanshi yake, amma bai taɓa kullewa ba. Kullum addu'armu Allah ya ƙara mishi tsawon rai."

Yaya ya juya baya yana share hawaye. A mota ya ce, "Ki yahe mini." Na yafe, amma sai da na sha kukana har Birnin Kebbi.

Dole aka rufe asusun, tunda dukiyar ta zama ta magada. Yaya ya sa katinsa a madadin, muke haɗawa duk wata.

Ranar da aka buɗe ɗakin, aka sami sabon katin a aljihun babbar rigar Baba. Kawu ya miƙo mini yana tsokana, "Ga shi, sarauniyar almakashi." Na ƙi karɓa.

Har yanzu abin na ba ni tsoro, yadda kati ke aiki ba da sanin mai shi ba. Amma da almakashina ya yi abin da na so, da famfon nan ya ƙafe a watan da Baba ya fi bukatar ladansa.