Abin da Mai Jan Rawani Ya Faɗa

Har yau ban manta da ranar da Malama Hassana ta shigo shagonmu na unguwar PZ da wani faifai naɗe a gefen mayafinta ba. Wata Laraba ce cikin damina, ban daɗe da zama mai fassara ba.

Ku da kuka zo koyon aiki kwanan nan kun fara gane tsarin, amma bari in maimaita. Aikinmu mayar da fina-finan waje Hausa. Oga ne ke zaɓen fim, mai fassara ya kalla ya fahimta, sannan ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya yi maganar kowa da bakinsa shi kaɗai, daga sarki har tsohuwa. Daga nan mai haɗa sauti ya ɗora muryar a kan hoton. Abin da ke sayar da aikin kuwa shi ne gishiri, wato ba'ar da muke cusawa wadda mutanen fim ɗin ba su faɗa ba. A lokacin babu wanda ya kai ni nauyin hannu wajen zuba shi, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Malama Hassana malamar firamare ce a Samaru. Ta ce mahaifinta, Baba Ɗanjuma, tsohon direba ne, yanzu idanunsa sun tafi. Akwai wani fim na Turawa da ya kalla yana saurayi a wata sinima ta Sabon Gari wadda aka daɗe da rufewa, ta sha wahala kafin ta samo shi. So take wani ya je ya zauna kusa da shi ya fassara masa baki da baki. Oga ya ce mu ba ma aikin gida-gida. Ta ƙi motsawa daga bakin kanta, har ya gaji ya ce in kalla da safe, in je bayan la'asar. Tana fita ta waiwayo ta ce, "Don Allah Malam, kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya. Abin da suka faɗa kawai yake so."

Da na kunna, dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya faɗa tsibirin da bishiyoyi ke tafiya. Bishiyoyin mutane ne aka lulluɓe da ganye, har takalmin ɗaya na hango. Kadan da ke gadin kogo na roba ne, ga zaren da ake ja masa baki da shi a fili. Na ce a raina wannan fim da kansa yake roƙon gishiri, an kuma hana ni.

Na hau keke zuwa Samaru ana yayyafi. Na tarar da Baba a kan tabarma, ya sa wankakkiyar riga da hula kamar mai shirin fita. Muka gaisa, na kunna, na fara aikina. Ban yi nisa ba ya riga ni. Da jin kiɗan farko ya ce yanzu jirgin zai ɓullo daga hazo, ya kuwa ɓullo. Ya ce matuƙin, Mai Jan Rawani suke ce masa a lokacin, don ba su taɓa kama sunansa ba. Ya ce sinimar ba ta da rufi, in aka nuna dare a teku sai taurarin allo su haɗe da na sama, mutum ya rasa inda fim ya ƙare. Ya ce ruwan nan shuɗi ne irin wanda bai sake gani ba a duniya. Ni ina kallon hoton da ya koɗe, shi yana ba ni launinsa.

Ban san lokacin da na daina ganin zaren ba. Ruwa na sauka a hankali a kan kwano, ɗakin ya yi duhu-duhu, muryata ta yi ƙasa da kanta. Da bishiyoyin suka taso, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, ni da na yi musu dariya da safe. Na ji kamar ina cikin jirgin, na ji daɗin da rabona da shi tun kafin kallo ya zama mini aiki.

Da muka kusa ƙarshe ya ɗaga hannu, na tsayar. Ya ce da abokinsa Emeka, wani tela na Sabon Gari, suka riƙa kallonsa. A ƙarshe matuƙin yakan tsaya a bakin jirgi ya faɗi wata magana, amma daidai nan 'yan kallo ke miƙewa suna ta fito da tafa hannu, ba wanda ya taɓa ji. Shi ya ce gida mutumin ya nufa, Emeka ya ce ba zai taɓa komawa ba. Sun tsufa suna wannan musu, bara Emeka ya mutu. Hassana ta iya Turanci, amma ya ce ita za ta tausaya masa ta faɗi abin da yake son ji, shi ya sa ya nemi wanda sana'arsa ce.

Ni kuwa na riga na ji maganar da safe, kuma a ganina Emeka ne da gaskiya. Kalma ɗaya zan canza tsoho ya kwana da farin ciki. Na dubi Malama Hassana, ta sunkuyar da kai. Na saki fim ɗin, matuƙin ya yi maganarsa, Baba ya matso da kunnensa kusa da bakina.

Na ce, "Baba, ya ce ba zai koma garinsu ba. Ya ce teku ce gidansa."

Kiɗan ya ƙare. Na ga leɓɓansa na motsi, yana maimaita maganar. Sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"To ai gida ya tafi ke nan, ɗana. Shi ma Emeka bai yi ƙarya ba." Ya share fuska da gefen riga. "Da yana nan, da sai ya ce wannan ma ban yarda ba."

Ban daina zuba gishiri ba, da shi muke ci. Amma daga ranar na gane cewa fim ɗin da ke gabanmu a shago rabi ne kawai, sauran yana cikin kan wanda ya taɓa kallonsa. In kuka zo maganar ƙarshe, ku bar ta yadda mai ita ya faɗe ta, don ba ku san wanda ya tsufa yana jiran ya ji ta ba.